KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI: Makiyayin Sudan A Shekarar 2019



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin wasu 'yan'uwanmu, a zango da rumfunan dillalai, wai a ƙasar Sudan ɗan makiyayi ya shiga fadar mulki da bindigarsa ya hau kujera ta biyu, saboda haka wai makiyayan can sun ƙwaci 'yancinsu, mu ma hanyar da ta rage mana ke nan. Masu wannan magana suna nufin Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hamidati, tsohon falken raƙuma, shugaban rundunar nan ta kai ɗaukin gaggawa da ake kira RSF. Wannan fili bai yarda da maganar ba ko kaɗan, kuma ba da fatar baki za mu ƙi ta ba. Za mu ɗauki shekara guda, watau 2019, shekarar da mutumin ya kai ƙololuwar ɗaukaka a Hartum, mu baje ta a rana kamar yadda ake baje fata, kowa ya duba da idonsa ya ga abin da mai sanda da garke ya tashi da shi.

DUKIYAR DA KE CIYAR DA BIRNI

Kafin mu shiga shekarar, ya kamata mai karatu ya san girman abin da ake magana a kai. Hukumomin Sudan suna ƙiyasta dabbobin ƙasar, shanu da tumaki da awaki da raƙuma, sun haura miliyan 100. Mun ce ƙiyasi, domin rabon da a yi wa dabbobin ƙasar ƙidaya ta gaskiya tun tsakiyar shekarun 1970. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin makiyayi a wurin masu mulki: ana cin arzikinsa, amma ba a damu a san yawan abin da yake kiwo ba.

Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, ta tafi da kimanin kashi uku cikin huɗu na man fetur. Daga nan sai baitulmali ya koma dogaro da zinariya da dabbobi da riɗi da ƙaro. Miliyoyin tumakin Kurdufan, irin Hamari da Kabbashi, su ne ake lodawa a jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda kowace shekara, musamman gab da aikin Hajji. Raƙuma kuma su nufi Masar. Kafin yaƙin 2023, shanun Darfur kan yi tafiyar makonni a ƙafa, ko su hau mota, daga Niyala da Da'en, su bi ta Nuhud da Ubayyid, har su sauka a kasuwar Muwailih da ke yamma da Umdurman, wadda a lokacin ita ce uwar kasuwannin dabbobi a ƙasar. Duk wanda ya san Potiskum ko Maigatari ranar kasuwa, to ya ga ƙanwar Muwailih. Can ma ciniki a kan amana yake tafiya. Akwai wanda suke kira damin, mai tsaya wa baƙo ya shaida cewa dabbarsa ba ta sata ba ce, kamar yadda fatoma ke yi a wurinmu, akwai dillalai, akwai masu shiga daji su tattaro, kuma babban ciniki yawanci bashi ne, sai kaya sun isa a biya.

Ɓallewar Kudu ta cuci makiyayi ta wata fuskar. Wuraren cin ranin da iyaye da kakanni suka saba zuwa suka koma ƙasar waje, Fulani da Larabawa masu shanu da yawa suka dawo Arewa, suka cunkushe a jihohin Sinnar da Farin Nilu da Shuɗin Nilu, inda tuni manyan gonakin tarakta suka cinye burtali. Tushen wannan ɓarna ya girmi Bashir. A 1970 gwamnatin Numairi ta yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati ce, alhali kuwa makiyayi bai taɓa yi wa makiyayarsa rajista ba. A 1971 kuma ta rushe mulkin sarakunan gargajiya, waɗanda su ne suke shata hanya da sa ranar shiga gona bayan girbi. Wanda ya san abin da dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta yi mana a Nijeriya ba sai an yi masa dogon bayani ba.

YADDA WUTAR TA TASHI

Shekarar 2019 a gaskiya ta fara ne ranar 19 ga Disamba, 2018, a garin Atbara, inda aka wayi gari burodin fam ɗaya ya koma fam uku. Mutane suka fito, suka cinna wa ofishin jam'iyyar gwamnati wuta. A lokacin hauhawar farashi ta kai wajen kashi 70 cikin 100, ga layin mai, ga layin burodi, ga kuma layin banki, domin takardun kuɗi sun yi ƙaranci, mutum da dukiyarsa a ajiye amma sai a ba shi abin da bai kai kuɗin akuya ba a ce ya dawo gobe.

Jaridun duniya sun cika da hoton layin burodi a Hartum. Wa ya ɗauki hoton layin shanu a bakin rijiyar burtsatse a Kurdufan, inda injin ya tsaya saboda babu man gas? Wa ya ba da labarin Muwailih, inda kaya suka koma farashi biyu, na kuɗi hannu daban, na caki daban? Makiyayi ba shi da asusu a banki, kuma caki ba ya sayen dawa a kasuwar ƙauye. Saboda haka wanda ke da hanyar fito da kuɗi lakadan daga banki, watau manya da yaran manya, shi ne yake taya sa yadda ya ga dama, mai sa kuma ya sallama don dole. Mu da muka ga abin da canjin kuɗi ya yi wa kasuwannin kara a farkon 2023 mun san irin wannan azaba.

Ranar 1 ga Janairu, 2019, ƙungiyar ƙwararrun ma'aikata, watau likitoci da lauyoyi da malaman makaranta da injiniyoyi, ta haɗu da jam'iyyun adawa suka sa hannu a kan takardar neman 'yanci da sauyi. Bashir ya kafa dokar ta-ɓaci ranar 22 ga Fabrairu, bai hana komai ba. Ranar 6 ga Afrilu, ranar da aka tumɓuke Numairi a 1985, dubban mutane suka yi zaman dirshan a ƙofar hedkwatar soja. Ranar 11 ga wata sojoji suka sauke Bashir bayan shekara 30 yana mulki. Janar Awad Ibn Auf ya kwana ɗaya a kujera ya sauka, Janar Abdulfattah Burhan ya hau, Hamidati ya zama mataimakinsa. Da aka bincika gidan Bashir aka tarar da tsabar kuɗin Turai wajen yuro miliyan 7, a ƙasar da talaka ke kwana a ƙofar banki.

Mu faɗi gaskiya, waɗanda suka fito titi jarumai ne, kuma ba 'ya'yan masu kuɗi kaɗai ba ne. A cikinsu akwai 'ya'yan Darfur da na Duwatsun Nuba, akwai 'ya'yan Hausawa da Fulani na unguwar Mayo da sauran gefen birni. Amma da aka zo maganar wa zai zauna a teburin shawara, sai ga likita da ƙungiyarsa, ga lauya da tasa, ga ɗan siyasa da jam'iyyarsa. Makiyayi fa? Ƙungiyar makiyaya ta ƙasa tuni gwamnatin Bashir ta haɗiye ta, ta mai da ita 'yar amshin shata, daga baya ma aka yi dokar da ta kawar da ita. Ranar da ake rabon magana, makiyayi ba shi da baki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta wannan tsaga Hamidati ya shiga. Ya riƙa tara sarakunan gargajiya da shugabannin ƙabilu a Hartum, yana yi musu jawabi da harshen mutanen daji, yana nuna cewa shi ne bakin mutanen karkara da birni ya raina.

RANAR 29 GA AZUMI

To, ga aikin farko da wannan baki ya yi. Da asubahin 3 ga Yuni, 2019, ana saura kwana ɗaya ko biyu Sallah, dakaru suka auka wa masu zaman dirshan, kuma shaidu da masu bincike sun nuna cewa mayaƙan RSF ne a gaba. Aka harbe mutane, aka ƙone tantuna, aka keta mutuncin mata. Ƙungiyar likitoci ta ce waɗanda aka kashe sun haura 100, kuma an tsamo gawa wajen 40 daga Kogin Nilu. Gwamnati ta fara cewa 61, daga baya masu bincikenta suka ce 87. Aka rufe intanet fiye da wata guda. Kakakin majalisar soja, Janar Shamsuddin Kabbashi, ya amsa da bakinsa cewa su suka ba da umarnin a watse taron. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta dakatar da Sudan ranar 6 ga Yuni.

Ya kai ɗan'uwa mai cewa Hamidati namu ne, tsaya ka yi lissafi. Wace riba makiyayi ya ci a wannan asuba? Burtali nawa aka buɗe? Rijiya nawa aka haƙa? Abin da ya samu shi ne baƙin jini. Daga ranar duk mai rawani da ya shigo Umdurman da garke, wanda bai taɓa riƙe abin da ya wuce sanda ba, sai a bi shi da kallon Janjawid. Wani ya yi kisa, wani ya ɗauki suna. Mu a nan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin mun ga yadda ɓarnar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina ta sa aka rufe kasuwannin dabbobi aka hana lodin shanu a 2021, kuma wanda ya kwana da yunwa a dalilin haka shi ne mai kiwo na gaskiya da dillali da ɗan kora.

Jama'a ba su karaya ba. Ranar 30 ga Yuni suka sake cika titunan Hartum da Umdurman, har dole ta sa sojoji suka koma teburi da shiga tsakanin Habasha da Tarayyar Afirka.

RABON KUJERU

Ranar 17 ga Agusta aka sa hannu a kan takardar tsarin mulkin wucin gadi, kuma Hamidati ne ya sa hannu a madadin soja, wata biyu da rabi bayan waccan asuba. Aka kafa majalisar ƙoli mai mutum 11, soja biyar, farar hula biyar, da guda ɗaya da aka yi ittifaƙi a kansa. Aka yanka wata 39 na riƙon ƙwarya, soja su ja ragama wata 21, farar hula wata 18. Ranar 21 ga Agusta Abdullahi Hamdok ya yi rantsuwar zama firayim minista.

Yanzu ga abin da muke so kowane mai kiwo ya riƙe. A farkon Satumba Hamdok ya bayyana ministocinsa 18, ya bar ma'aikatu biyu babu kowa, ɗaya daga ciki kuwa ita ce ma'aikatar albarkatun dabbobi. Sai a watan Oktoba aka naɗa mata minista, bayan an gama jayayya a kan yankin da ya kamata ya fito. Ma'aikatar da ke kula da dukiyar da ke kawo wa ƙasa dala ta zama ragowar tuwo, wadda ake ajiyewa don toshe bakin wanda bai samu ba. Mutumin da ake ce mana wakilin makiyaya ne yana zaune a kujera ta biyu a fada lokacin da aka yi haka. Sa'an nan takardar ta yi alkawarin majalisar dokoki mai kujeru har 300 cikin kwana 90, inda nan ne watakila da an sami wanda zai tashi ya yi maganar burtali da mashaya. Har aka rushe gwamnatin ba a kafa ta ba.

ANA WATA GA WATA

Damina ta yi ƙarfi a shekarar, ambaliya ta cinye garuruwa irin su Wad Ramli a arewa da Hartum, ruwa ya kwanta, sauro ya yi yawa. Sai ga zazzaɓin nan da ake kira na Kwarin Rif ya ɓulla a jihohin Bahar Maliya da Kogin Nilu. Cuta ce da sauro ke yaɗawa, tana sa tumaki da awaki ɓari, tana kashe ƙananansu, tana kuma kama mutum, musamman mahauci da makiyayi masu taɓa jini da mahaifa. Ba baƙuwa ba ce a Sudan, domin a 2007 ta kashe mutum fiye da 200. Duk malamin dabbobi ya san bayan ruwa mai yawa ake tsammaninta, kuma tana da allurar rigakafi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya.

A watan Oktoba Saudiyya ta rufe ƙofa ga dabbobin Sudan, ba ta buɗe ba sai a farkon 2020, kuma ko bayan nan an yi ta maido da jiragen tumaki daga Jidda saboda gwaji ya nuna rigakafin bai kama jikinsu yadda ake so ba. Ka ƙaddara kai ne ka ɗauki tumaki bashi a kasuwar Huwai, ka biya haraji a kowane shinge daga Kurdufan zuwa bakin teku, ka biya kuɗin killacewa, sa'an nan aka ce babu tafiya. Kullum ka sayi ciyawa da ruwa, dabba tana ramewa, damin yana aiko maka da saƙo, mai kaya a daji yana jiran kuɗin dawa. Da babban falke ya faɗi, duk wanda ke bayansa a igiyar bashi ya faɗi, kuma na ƙarshe a igiyar shi ne makiyayi.

Ga kuma maganar dala. A 2019, a hukumance fam 45 ne dala ɗaya, amma a kasuwar bayan fage ta haura 80 kafin shekara ta ƙare. Doka ta tilasta wa mai fitar da kaya ya maido da kuɗin waje ta banki a kan farashin da bai kai na kasuwa ba. Mai tsoron Allah sai ya rage abin da yake taya dabba don ya cike giɓi, watau asarar ta gangaro kan mai kiwo. Marar tsoro kuma sai ya yi hayar takardun wani, irin mutanen da 'yan Sudan ke kira warraga, ya fitar da kaya, dala ta kwana a waje. A gefe guda, a lokacin ga kamfanonin soja suna fitar da nama da shanu zuwa Masar, ga kamfanin Aljunaid na dangin Dagalo yana haƙar zinariya a Jabal Amir, dutsen da RSF ta ƙwace a 2017. Hamdok da kansa ya koka a 2020 cewa kashi 18 cikin 100 kaɗai na dukiyar gwamnati ke ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi. A watan Afrilun 2019 Hamidati ya yi alfahari cewa ya zuba wa babban banki fiye da dala biliyan ɗaya. Mai irin wannan aljihu, da makiyayi ne a ransa, allurar tumaki za ta gagare shi?

Abin da ya ba 'ya'yan makiyaya shi ne kaki da albashi. Tun daga 2015 aka riƙa kwasar samari ana kai su yaƙin Yaman, kuma a Disambar 2019 Hamdok ya ce sojojin Sudan a can sun kai 15,000 kafin a rage su zuwa 5,000. Yaron da ya kamata ya gaji garke ya koyi cewa bindiga ta fi saniya saurin haihuwa. Wannan ita ce babbar asarar da ba a rubuta ta a littafin kowane banki ba.

GA MASU CEWA AI AN DAƊE ANA RAINA MU

Za a ce mana, to ai 'yan birnin ma ba su taɓa ƙaunar makiyayi ba. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Tun samun mulkin kai a 1956 'yan ƙabilu kaɗan na bakin Nilu ne suka riƙe mulki da soja da banki, suna kallon mutumin yamma a matsayin baƙauye, suna kiran Bahaushe da Bafulatanin da kakansa ya zauna a Mai Wurno tun bayan yaƙin Burmi na 1903 da sunan baƙo. Gwamnatin farar hula ta 2019 ma tana da nata laifin. Ta soke dokar da ke takura wa mata, ta rushe jam'iyyar Bashir a ƙarshen Nuwamba, kotu ta yanke wa Bashir shekara biyu ranar 14 ga Disamba, wata kotu a Umdurman ta yanke hukuncin kisa a kan jami'an tsaro 29 da suka azabtar da malamin makaranta Ahmad Alhair har ya mutu. Duk waɗannan abin yabo ne. Amma ba ta taɓa dokokin ƙasa da suka mai da makiyaya filin gwamnati ba, ba ta rage shingayen haraji ba, ba ta ƙidaya dabbobi ba, kuma kwamitin da ta kafa don binciken kisan 3 ga Yuni bai taɓa fito da sakamako ba. Shekarar ta rufe da jini a Junaina, inda aka ƙone sansanin Kirindin a ƙarshen Disamba.

Amma don maƙwabci ya raina ka, sai ka ba kura ajiyar akuyarka? Rainin 'yan birni shi ne jarin Hamidati, da shi ya sayi samari, kuma ba ya son jarin ya ƙare. Bashir ne ya ƙirƙiri rundunarsa a 2013 don ta tsare masa kujera, ba taron makiyaya ne ya zaɓe shi ba. Makiyayan Sudan kuwa ba ƙabila ɗaya ba ne. Akwai Kababish da Hamar da Misiriya da Hawazma da Bija da Shukriyya da Zagawa da Fulani, kuma da yawansu mayaƙansa sun kore musu dabbobi. Ko ɗan'uwansa na ƙabila, Musa Hilal, kama shi ya yi a 2017, ya shekara fiye da uku a tsare.

Tarihin Umdurman kansa ya isa wa'azi. Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, ɗan masu shanu ne daga Darfur, kuma ya mulki Sudan daga wannan birni tun 1885. Don ya ƙarfafa kujerarsa ya tilasta wa danginsa su baro makiyayarsu su taho Umdurman, tafiyar ta haɗu da yunwar 1889, dukiya ta salwanta, sauran kuma suka faɗi a filin Karari a 1898. Ɗan makiyayi a fada daban, haƙƙin makiyayi a doka daban.

ABIN DA AKA SHUKA

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Yarjejeniyar Juba ta Oktoban 2020 ta raba kujeru ga masu bindiga, kowa ya fahimci cewa harsashi ne tikitin shiga fada. Ranar 25 ga Oktoba, 2021, Burhan da Hamidati suka haɗa kai suka kifar da farar hula. A Yulin 2022 rikicin ƙasa da sarauta ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, aka kashe Hausawa da maƙwabtansu fiye da 100, a Oktoba aka ƙara fiye da 200, Hausawan Hartum suka fito zanga-zanga aka tarbe su da barkonon tsohuwa. Maganar ƙasa da aka ƙi taɓawa a 2019 ce ta dawo da wuƙa a hannu.

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, abokan biyu suka juya wa juna bindiga a tsakiyar Hartum. Yammacin Umdurman, inda Muwailih take, ya zama fagen fama har zuwa 2025 da soja suka ƙwace birnin. Mutum fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu. Mayaƙan RSF suka wawashe garuruwa da garkuna a Jazira, jiragen soja suka yi ta ruwan bama-bamai a kasuwannin Darfur, a 2024 kuma RSF ta hana fitar da dabbobi da amfanin gona daga yankunanta zuwa Masar. Ga 'yancin da bindiga ta kawo wa makiyayi: kasuwarsa ta mutu, ɗansa ya mutu, sunansa ya ɓaci.

NAMU GEMUN

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abu huɗu muke kira a kai.

Na farko, kada mu yarda wani mai bindiga, a daji yake ko a bariki, ya yi magana da sunanmu. Ardo da sarkin zango da shugaban dillalai su fito fili su barranta da shi tun kafin a haɗa mu a yi mana kuɗin goro.

Na biyu, ƙungiya ta zama tamu, da kuɗin da muka tara a kara da ruga, da shugabannin da za mu iya saukewa. Ƙungiyar da gwamnati ke ciyarwa, ranar da gwamnatin ta faɗi tare za su faɗi, kamar yadda ya faru a Sudan.

Na uku, mu nemi abin da ake rubutawa a doka, a kuma shata shi a ƙasa. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 tana nan, dokar kiwo ta Nijar ta 2010 tana nan, Nijeriya ta kafa ma'aikatar dabbobi a 2024. Mu tambaye su burtali nawa aka sa wa turaku, shinge nawa aka tashe a hanyar Legas, kuma yaushe za a ƙidaya dabbobinmu.

Na huɗu, allura. Ranar da malamin dabbobi ya zo, kada a ɓoye rabin garke don tsoron jangali. Tunkiya ɗaya marar rigakafi tana iya rufe wa ƙasa guda kasuwa, kuma mutanen Sawakin sun gani a 2019.

Makiyayi ba ya bukatar ɗan'uwa a fada kamar yadda yake bukatar hanya a daji, ruwa a mashaya, da gaskiya a kasuwa. Allah ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare mana dukiyarmu da 'ya'yanmu. Wassalam.